Kullun da Salisu ya ɗiba a kwalba

Ni ban san kalanda ba. Ɗana Salisu ya rasu daminar da aka yaye 'yarsa Rakiya, shekarar da muka taso daga Sokodé muka dawo Dapaong. Yau Rakiya na da nata goyon, ita ce ma ke rubuta abin da nake faɗa. Sai ku auna da kanku.

Salisu ya yi lakwal, wato boko, har ƙasar waje, aikinsa karanta ƙwayoyin halitta. Zuwansa na ƙarshe ya tarar ina rufe ragowar kullun masa yadda uwata ta koya mini: ba a wanke tukunya tas, na jiya ke tayar da na yau.

Ya tsuguna ya ce, "Mma, jikinki ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani. A tsakiyar kowanne akwai zare mai rubutun gado, an naɗe shi a kan wasu 'yan dunƙule. Dunƙulen naki da na saniya da na wake da na abin da ke kumbura kullun nan, kusan ɗaya ne."

Na ce, "Ni jikar fatake ka haɗa da wake?"

Ya yi dariya. "Komai ya yi ta sake kama, Mma. Amma dunƙulen nan in ya sake kama, ɗakin ya mutu, shi ya sa aka yi ta miƙa shi yadda yake."

Ya ɗebi kullun a kwalba, wai zai karanto mini asalinsa. Bai dawo ba. Tun ranar ban bari tsamin nan ya yanke ba, ko ina kwance da zazzaɓi.

Rakiya ta gaji aikinsa. Ta ce abin da ke cin ubanta shekaru, yanzu na'ura na gamawa kafin kasuwar Korbongou ta zagayo. Da yana nan, na san haushi zai fara ji kafin murna; bai son a riga shi.

Hannuna ya soma rawa, kuma yaran gida ba mai son tashin asuba. Da Rakiya ta zo da kwalbarta ɗibar kullun, na ce sai dai ta ɗebi biyu, ɗaya ta na'ura, ɗaya ta tukunya. Sai ta tambayi yawan ruwan da ake zubawa.

Cikin waɗanda suka ji Salisu ranar, saura ni da maƙwabciyata Azumi mai wagashi, wato cuku, da kullun.