Kifin da Jibirilu Ya Kiwata

Duk wanda fankarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Nima da Kawukudi ya san Jibirilu. Shagonsa rabin kwantena ne mai shuɗin fenti, cike da fankoki marasa kai da duwatsun guga marasa igiya. Shekararsa hamsin da bakwai. Gajere ne, da ɗan tumbinsa daidai misali, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Aikinsa ba a kushe shi, sai dai in za ka kai masa gyara kada ka je kana sauri, domin kafin ya kwance noti huɗu sai ya ba ka labarin kifi bakwai.

A Nima aka haife shi, inda babban ruwan da yara suka sani shi ne kwatar da ta ratsa tsakaninsu da Maamobi. Kakansa masunci ne daga Yawuri, ya biyo fataken goro ya manta hanyar gida. Babansa gadi ya yi har ya koma ga Allah, ko ƙugiya bai taɓa riƙewa ba. Shi Jibirilu yana saurayi aka tura shi Yeji wurin kawunsa ya koyi gyaran rediyo, ya dawo bayan shekara uku da sana'ar a hannu, da kuma ciwon kamun kifi wanda har yau ba a samo maganinsa ba.

Shi ya ƙirƙiro tafiyar tafki a majalisarsu ta shayi, wadda a Nima ake kira bes. Kowace shekara, Asabar ta biyu bayan babbar salla, sai su ɗauki shatar tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, su nufi wani wurin shaƙatawa a bakin tafkin Volta, gaba da Akosombo. Su kafa tantuna, su kwana ɗaya, su dawo Lahadi. Galibinsu cin abinci da dara da ɗaukar hoto ke kai su. Zulkarnaini mahauci barci yake zuwa yi, ya ce a Nima lasifika ba ta barin mutum. Mai kamun kifi na gaskiya ɗaya ne, kuma kullum da kwando cike yake dawowa.

Asirinsa kiwo ne. Mako shida kafin tafiya, kowace Lahadi, sai ya kama hanya shi kaɗai da bokitin dusa da aka cuɗa da tsohon ƙullun masara na dokunu da daddawa. Warin abin ya sa duk kwandastocin hanyar sun san shi, a saman mota suke ɗaure bokitin, wani ma ya taɓa cewa a ɗaure mai bokitin tare. Can ƙarshen wurin shaƙatawar akwai wani lungun ruwa bayan duwatsu, ƙarƙashin busasshiyar bishiya. Nan yake zuba dusar. Karfasa su saba, su tara iyalansu, su yi ƙiba suna jiran ranar da zai zo da fatsa. Mai kula da wurin, wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe da ake kira Efo Kosi, shi ke hana masu taru shiga lungun. Shi kuma Jibirilu bai taɓa barin fankar Efo ko rediyonsa su kwana a mace ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta yarda da wannan kamu ba, ita ce Husseina, matarsa, mai sayar da wake da shinkafa a Maamobi. Shekara ashirin da biyu yana shigo mata da kifi, tana wankewa, tana soyawa, tana ci, tana kuma cewa a bakin titin Kpong ya saya wurin matan da ke bin motoci. Ya nuna mata hujin ƙugiya a leɓen kifi, ta ce ita ma tana da allura. Ya nuna mata hoto, ta ce ta ga hoton Zulkarnaini a jikin jirgin sama, alhali ko Kumasi bai taɓa zuwa ba. Matan gidan hayarsu suka ɗauka, har in ya shigo da kwando sai wata ta leƙo ta ce, "Sarkin Ruwa, yau kasuwa ta yi kyau?" Dariya yake yi tare da su. A ɗaki kuwa abin yana ci masa rai fiye da yadda namiji zai faɗa.

Shekarar da suka aurar da autarsu Zalia, likita ya ce wa Husseina jininta ya hau, ta riƙa hutawa. Wata safiya tana ɗaure ɗankwali ta ce bana za ta bi su tafkin. In ta ga kifi ɗaya tak ya fito daga ruwa a ƙugiyarsa, ita da bakinta za ta tsaya a tsakar gida ta faɗa wa kowa, har kurman tsohon da ke ɗakin ƙofa. Ranar Jibirilu ya ninka dusar da ya saba saye.

Ana saura mako uku ya faɗo daga tsani garin ɗaura fankar sama a wani masallaci, gwiwa ta kumbura. Tafiya yana iyawa, ɗaukar bokiti ne ya gagara. Ya duba duk bes, bai ga wanda zai nuna wa lungun ba sai Muftahu tela. Tare suka yi makarantar allo, Muftahu ne ya kai goron neman auren Husseina, shi ya ɗinka rigar sunan dukan 'ya'yansa. Ko da Muftahu ya koma unguwar Madina da zama, ba a yin kwana uku bai zo shayi ba. Suka tafi tare. A bakin lungun Jibirilu ya dafa kafaɗarsa ya ce wa Efo wannan ɗan'uwansa ne, in ya zo da saƙo, shi ne ya aiko shi. Muftahu ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke tafasa da bakunan kifi lokacin da aka watsa dusa. Ya daɗe yana kallo, bai yi ko wasan da ya saba ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu tafiya, aka yi sunan jikan Muftahu na fari a Madina. An kafa rumfuna, an tare titi, aka fito da banku, tuwon masara mai tsami, da soyayyar karfasa, kowace ta cika faranti har jela na leƙowa. Jibirilu ya ci biyu. Ya ɗaga ƙashin baya yana yi wa mutanen teburinsu darasi, ya ce su dubi naman nan, wannan kifin tafki ne, ba na kwamin siminti ba, kuma duk wanda ya kiwata shi ya san aikinsa. Ya tambayi Muftahu inda ya samo, Muftahu ya ce surukai ne suka kawo, ya wuce da sauri wai ana kiransa.

Asabar da hantsi suka isa tafki, su goma sha ɗaya da Husseina. Ta sha atamfa sabuwa kamar mai zuwa biki, da lema, da kujerar roba. Aka kafa mata tanti nata daban. Efo ba ya nan, an ce ya tafi jana'iza ƙauyensu sai gobe. Jibirilu ya riƙe hannunta suka tsallaka duwatsu, ya girka mata kujera a inuwa, ya yi bisimilla, ya jefa fatsa.

Ruwan ko motsi. Ya ce mata kifi ma yana da kunya in ya ga baƙuwa. Aka yi azahar. Ya sauya ƙugiya, ya sauya tana, ya watsa ragowar dusa, ba bakin da ya taso. Husseina ta ci gyaɗa, ta kira Zalia a waya, ta yi gyangyaɗi, ta farka ta tambaye shi ko kifayen ma sun tafi jana'izar ne. Bayan la'asar fatsa ta yi nauyi, ya ja a hankali. Abin da ya fito guntun koren taru ne, sabo fil. Ya juya mata baya ya cusa shi a aljihu. Da magariba suka koma wurin tantuna hannu sake, aka ci shinkafa da sadin na gwangwani a bakin tafki guda. Muftahu yana can gefe yana dara, ana ta cinye shi, shi da ba a taɓa ci ba.

Washegari bayan asuba Jibirilu ya koma lungun shi kaɗai, domin ƙafafun Husseina sun kumbura, ta ce ya kira ta in tafkin ya haihu. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Efo a kwalekwale. Efo ya yi mamakin ganinsa, ya gaishe shi da Hausarsa ta kasuwa.

"Masta, Madam ya samu sauƙi?"

Jibirilu ya ce lafiyarta lau, tana can tana dafa shayi. Efo ya ajiye filafili a cinya. Ya ce to ai ranar Laraba ɗan'uwan nan nasa ya zo da mutum uku da taru, ya ce Madam tana asibiti, tafiyar bana ta fasa, kuma Masta ya ce a kwashe kifin kada wahalarsa ta tafi a banza. Sau uku suka ja. Shi Efo da kansa ya taya su lodi a bayan tasi, har ya ba da lemon zaƙi a kai wa maras lafiya.

Jibirilu ya zauna a kan dutse. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ɗanɗanon kifin Alhamis, da muryarsa yana yabon mai kiwo a gaban jama'a. Ya naɗe fatsarsa a tsanake, ya hau tudu yana ɗingishi.

Ya tarar da Muftahu a bayan tirotiro yana goge baki da asuwaki. Ya ciro guntun tarun ya miƙa masa. Muftahu ya dube shi, ya tofar, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce baƙi sun fi ɗari biyu, surukan 'yan gayu ne daga Tema, matarsa Memuna ta riga ta cika baki a unguwa. Ya zaci za a rage wasu, bai san taru ba ya barin komai ba. Kuma in an bi gaskiya, kifin tafki na Allah ne.

"Cale, abokina," in ji Jibirilu, "da ka jira Asabar ta wuce, da ni zan riƙe maka bakin tarun. Matata ka kwantar a asibiti don kifi."

Muftahu ya ce a yi haƙuri, shaiɗan ne. Jibirilu ya ce ya ji, ba ya neman kifi, ba ya neman komai. Abu ɗaya yake so. Su je yanzu gaban Husseina, Muftahu ya faɗa mata da bakinsa cewa karfasar da ta ci a Madina daga lungun nan ta fito, kuma mijinta ne ya kiwata ta. Shi ke nan, magana ta mutu a nan bakin ruwa. Muftahu ya gyaɗa kai.

Suka je. Husseina tana kan tabarma ta miƙe ƙafa, mutanen bes kewaye da butar shayi. Jibirilu ya kwashe labarin Efo ya faɗa, sannan ya juya ya ce, "Faɗa mata." Muftahu ya dubi Zulkarnaini, ya dubi sauran, mutanen da suka ci abincin sunan suka kuma yi wa surukansa godiya. Ya gyara hula.

"Hajiya, ni ban san abin da tsohon nan yake faɗa ba. Ƙila wani ya gani mai kama da ni."

Jibirilu ya ce a kira Efo. Husseina ta ce a bar dattijo ya huta, ai wanda kake gyara wa fanka kyauta ba zai ƙaryata ka ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, da tausayi ta faɗa, wanda ya fi ciwo. Ta ce ita kifin suna a faranti ta gan shi, kuma ya zauna ya sha shayi kada gwiwar ta ƙara kumbura. Zulkarnaini ya shiga tsakani da cewa tunda dai kowa a nan ya ci kifin, ko na wane ne, a yafe wa juna. Babu wanda ya taya shi.

A hanyar dawowa Jibirilu gaba ya zauna kusa da direba, bokitinsa a tsakanin ƙafafu, ba wanda ya ce a ɗaure shi a sama. Daga Akosombo har Nima bai juyo ba.

Shekara biyu ke nan. In Muftahu ya yi sallama yana amsawa, domin addini ya ce a amsa, daga nan ba ƙari. Ɗinkin salla yanzu wani yaron Kotobabi yake kai wa, wanda ke yi masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, yana sawa haka nan. Sau biyu Muftahu yana aiko manya su ba da haƙuri, sau biyu Jibirilu yana ba su amsa iri ɗaya, cewa Muftahu ya san ƙofar Husseina. Har yau bai taka ta ba. Ita kuwa ta ce zuwa ɗaya ya ishe ta, sauron wurin ba ya jin magani.

Amma abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne yammacin Lahadin da suka dawo. Matan gida suna tsakar gida suna daka, suka tashi da shewa suka karɓi lema da kujera. Shi ya wuce ɗaki kai tsaye, ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ta taga ya ji Adiza mai koko tana tambaya, "To Maman Zalia, ba mu labari, me kika gani?"

Ya daina numfashi yana sauraro. Ya ji ƙarar kujera, Husseina ta zauna.

"Ruwa na gani," ta ce. "Ruwa kam akwai shi."