Kayen Shibra

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata, ina tsaye gaban allo a ajinmu na lise, babbar sakandare, riƙe da kayena, wato littafin rubutuna.

Damina biyu na yi ina cika kayen nan a gonar kakata ta ƙauyen Mai Yara. Mushe, malamin da ke koya mana ilimin halittu, shi ne ya sa ni. Ranar da ya yi darasin yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali, na jira kowa ya fita, sannan na ba shi labarin shibra, geron nan da ke zubar da ƙwayarsa tun kafin girbi. Kowace shekara Kaka tana tuge ta, kowace shekara tana dawowa.

Ya ce, "Ai darasin ke nan! Wadda ta riga mai girbi zubar da iri ita ke barin 'ya'ya, 'ya'yan su gaji halinta. Ki rubuta, ki karanta ma aji. Ina bayanki."

Na zana zangarniyoyi, na manna ƙwayoyi da ƙaro, kowace da ranar da na tsince ta.

Ban gama shafi na uku ba wani ɗan bencin baya ya ɗaga hannu. "Mushe, ke nan kakar tata ma daga biri ta fito?" Aji ya fashe da dariya. Wani ya ce sai ya gaya ma babansa abin da ake koya mana.

Ban ambaci biri ba. Ban ambaci mutum ba. Gero kawai na ce. Na juya na dubi Mushe.

Yana ta kakkaɓe alli daga yatsunsa. "Wannan ra'ayinta ne," in ji shi. "Ku dai ku haddace na littafi don jarrabawa. Je ki zauna."

Har ƙarshen shekara sunana jikar biri. Wannan bai ci ni ba kamar rashin sanin ko damina biyun nan shirme na yi.

Bayan sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, na gan shi a kasuwa yana zaɓen albasa. Na gaishe shi.

"Mushe, kuskure na rubuta?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Babu kuskure ko ɗaya, ɗiyata. Amma ke tafiya za ki yi. Ni a garin nan zan tsufa."