Karan Gero a Bangon Rijiya

A shekarar fari ta biyu, lokacin soja, aka tura ni wani ƙauye a Issawane in sa ido kan haƙar rijiya. Na fito lakwal, wato makarantar boko, ke nan, kaina na hayaƙi. Shanun garin kuwa sai faɗuwa suke saboda ƙishirwa.

Shugaban mahaƙan wani dattijo ne daga garin Sarkin Hausa, wanda ya daɗe yana aiki cikin ramin ma'adinai a arewa. Ban taɓa ganin mai tsari irinsa ba. Kowace diga da wurinta, ko guntuwar igiya ba ya yarda a yar, kuma ba ya tura mutum biyu aikin mutum ɗaya. Abu guda ya dame ni: guntayen karan gero da yake cusawa a tsagogin bangon rijiyar. Na ɗauka camfi ne.

Ranar da kumandan, sojan da ke mulkin yankin, zai zo duba aiki, na sa aka zura ni cikin rijiyar da sassafe, na cire kararen kakaf don wuri ya yi kyau.

Da dattijon ya leƙa, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce min haka suke yi da katako a ramin arewa: in karan ya faɗo, tsaga ta buɗe, ƙasa na motsi, kowa ya fito. Yanzu sai ya sa sababbi, ya jira kwana uku. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Kumandan ya ce ko yini ɗaya ba za a jira ba. Ya tambayi abin da ya tsai da aiki. Dattijon ya ce lissafinsa ne ya ɓace, bai ko dubi inda nake ba. Sannan ya hana mutanensa sauka, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙo min bakinta.

Yini guda yana haƙa shi kaɗai, yana dafa bango da tafin hannu, yana kasa kunne. Duk yashin da ya zubo, sai in ƙara damƙe igiyar. Da la'asar muka jawo shi. Ya kama hannuwana da igiya ta saɓule, ya duba.

"Mushe, ka iya riƙo," in ji shi, yana kirana "malam" da Faransanci kamar yadda suka saba. "Amma gobe, in ka ga abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka share."