Ranar da Na Wuce Jar Mota

Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, cikin ranin shekarar da nake aji biyar na firamare, na ga abin da ban taɓa zaton idona zai gani ba. Mahaifina, mutumin da ko akuya ce ta shiga masa gona sai ya lallaɓa ta ya fitar, shi ne tsaye a bakin kwatar ruwa da farar rigarsa ta Juma'a, taɓo har gwiwa, ya cakumi wuyan rigar Baba Ila yana kiransa ɓarawon ruwa. Ina riƙe da tiyon ban ruwa a hannu, ban san lokacin da ya suɓuce ya faɗi ba. Masu aiki a gonakin kusa suka yar da fatanyoyinsu suka sheƙo a guje. Baba Ila bai ɗaga hannu ba, bai ma yi ƙoƙarin ƙwace rigarsa ba. Kallon babana kawai yake yi, bakinsa a buɗe, hularsa ta faɗa cikin kwata ruwa yana tafiya da ita.

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. A ƙauyukan Kura ruwan noman rani rabo ne. Daga babban kanal yake zubowa cikin ƙananan kwatoci, kowane layi da ranarsa, kowane manomi da lokacinsa. Gonar Baba Ila tana sama da tamu, ruwa sai ya bi ta gefensa kafin ya iso mana. Ka ce wa mutum ya tare ruwan na ƙasa da shi, ka zubar masa da mutunci ke nan har wajen surukansa. Kuma ba kowa babana ya faɗa wa haka ba, amininsa ne tun suna makarantar allo. Sunansa aka raɗa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Takwara. Duk gari Malam Haruna ake ce wa babana, Baba Ila ne kaɗai ke ƙwala masa kira daga nesa, “Haro!” kamar har lokacin yara ne. A kwano ɗaya suke cin ɗanwake a gindin mangwaron da ke kan iyakarsu.

Asalin maganar kuwa wata tsohuwar waya ce. Yayana Sani ne ya bar mini ita da zai koma makaranta a Kano. Ba ta da layi, bayanta da kyauro aka ɗaure, agogonta kuma duk lokacin da aka cire batir aka kai caji sai ya rikice. Amma akwai wasan tseren mota a cikinta. Kafin zuwanta motocinmu na kara ne, mu fafe ɓargon karan dawa mu yi musu taya da murfin kwalba, mu ja su a kan gaɓar kanal, in mun gaji mu tuɓe mu faɗa ruwa, ko mu tafi korar tsuntsaye a gonar shinkafa da gwangwani. Sai ga mota a tafin hannuna mai ƙara, mai hayaƙi, tana zagaya fili tare da wasu motoci da ba mutum ke tuƙa su ba, kwamfutar cikin wayar ce. A cikinsu akwai wata ja, 'yar rainin hankali, wadda da an saki tsere take ɓacewa, sai dai in ta zagayo ta sake wuce ni. Na tsani motar nan kamar ta san ni.

A wannan ranin babana ya karɓi aron wata gona a Bunkure ya zuba albasa, don haka da sassafe yake hawa kekensa, sai magariba ya dawo. Ban ruwan tumatir ɗinmu ya dawo kaina, in na taso daga makaranta. Aikin ba wuya. Ka tsoma tiyo cikin kwata, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka ja shi ka kwantar a bakin kunya, ruwa ya kama bin kwari. In ya kai ƙarshe ka ɗauke ka mayar kunyoyi na gaba. Matsalar ita ce kunyoyinmu dogaye ne, tumatir kuma ya yi duhu ya rufe ƙasa, daga bakin kwata ba ka ganin inda ruwa ya kai. Shiga ciki kuwa an hana ni, don a cewar babana ƙafar yaro karkaɗe fure take yi. Da shi ne ke tsayawa a ƙarshen gona ya yi fito in ruwa ya iso. Yanzu wa zai yi fiton?

Mutanenmu ba su cika auna lokaci da agogo ba, da aiki suke aunawa. Inna ta san dahuwar shinkafa da tsawon labaran rediyo, shi kuma babana shekaru ya yi yana ban ruwa da kaset ɗin wa'azi, ya san daidai wurin da malamin zai kai a ɗauke tiyo, har rikodar ta mutu. To, ranar da zai danƙa mini aikin ya tafi ƙarshen gona, ni kuma na kwantar da tiyo na zauna na kunna wasana. Lokacin ban iya komai ba. In daki bango, in faɗa ciyawa, wani sa'in in juya ina tafiya baya ban sani ba. Da ƙyar na ja jiki na gama tseren, ina na ƙarshe, sai ga fiton babana a daidai wannan lokacin. Muka sake gwadawa a kunyoyi na gaba, aka kuma dacewa. Ya dawo yana murmushi kamar ya tsinci abu a hanya. “Shi ke nan, ka samu agogo,” ya ce. “In tsere ya ƙare ka ɗauke tiyo. Inji ne, ba ya ƙari ba ya ragi.” A ganinsa wasan kamar kaset ne, tsawonsa ɗaya ko yau ko gobe. Ni ma ban ga abin musu ba, an ba ni izinin wasa a bakin aiki, me ya fi wannan daɗi?

Na duƙufa. Babban yatsana har ya yi kanta. A aji ina kallon allo amma kwanonin filin tseren nake gani, musamman wata muguwar kwana bayan gada inda kullum nake kifewa. A ƙarshen kowane tsere wasu lambobi kan fito a saman gilashi, kuma na lura duk ranar da na yi abin kirki sai su ragu. Na ɗauka wani irin maki ne da ake so ya yi ƙasa. Wallahi ko sau ɗaya hankalina bai haɗa lambobin nan da ruwan da ke bin kunya ba.

Wanda ya buɗe mini ido a tuƙi kuwa Baba Ila ne da kansa. A samartakarsa ya yi direban babbar mota, yana kai tumatir kudu. Wata rana ya zo wanke ƙafa a kwata ya tsaya a kaina yana leƙe, ya ga na shiga kwanar gada a guje na daki bango. Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Takwara, haka za ka kashe mana fasinja? Ba a shiga kwana da wuta. Saki mai tun kafin ka isa, ka rungumi ciki, in hancinta ya miƙe sai ka taka.” Na ce ai in na rage gudu za su wuce ni. Ya ce in gwada dai. Na gwada, motar ta bi kwanar sumul kamar an ja ta da zare. Daga ranar kullum sai ya biyo ya tambaye ni, “Yau na nawa ka zo?” Na bar na ƙarshe, na dawo tsakiya, na zo na uku, har na fara hango bayan jar motar. Shi bai san tseren ne agogonmu ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa masa ba.

Tumatir ɗin ƙarshen gona ya fara yaushi. Babana ya gani wata Juma'a ya ce ko tsutsa ce, ya yi feshi. Juma'a ta gaba yaushin ya matso, furen layin baya ya zube. Ya tambaye ni ko ina ɗauke tiyo kafin tsere ya ƙare, na rantse ban taɓa ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya duba bakin kunyoyi ya tarar da su jiƙe sharkaf. Sai lissafi ya tsaya masa a wuri ɗaya: yaro bai saɓa ba, inji ba ya ƙarya, saura ƙarfin ruwa ne ya ragu, kuma mutum ɗaya ne a sama da mu. Ya haɗiye abin a ransa yana ta kumbura, ya daina zuwa gindin mangwaro, har ranar da ya tarar kusan rabin gonar ya ƙone, ya waiga ya ga ta Baba Ila koriya shar tana sheƙi.

Malam Garba, dattijon da ke raba mana ranakun ruwa, shi ya ɓamɓare hannun babana daga rigar. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce tunda yau ruwan layinmu ne, a yi ban ruwan a gaban kowa yadda aka saba yi, Baba Ila ya tsaya nan kusa da shi kada ya taɓa komai. Aka duba kwata, ruwa cike yake har baki. Babana ya tattare rigarsa ya shiga gona don ya bi ruwan da idonsa, ni kuma aka ce in kwantar da tiyo in kunna wasana.

Ban san ko idon jama'a ne ya zaburar da ni ba, amma ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ko bango ɗaya ban taɓa ba. A zagayen ƙarshe na iso kwanar gada dab da jar motar, na saki mai, na rungumi ciki, ita ta buɗe, na taka na fice ta gefenta. Na zo na ɗaya! Na manta da rigimar da ake ciki, na yi tsalle ina ihu, “Na wuce ta! Baba Ila, na wuce ta!” Sannan na sunkuya na ɗauke tiyo kamar kullum.

Ba wanda ya taya ni murna. Can cikin gona babana ya miƙe tsaye, ko tsakiyar kunya bai kai ba, kuma a nan ruwan ya tsaya, a gaban yatsun ƙafarsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi busasshen rabin da ke gabansa, ya juyo ya dube ni da wayar a hannu. Malam Garba ya tambaye ni ko tseren kullum tsawonsa ɗaya ne. Na ce a'a, da ina daɗewa, yanzu na ƙware. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Wani a cikin taron ya ja salati. Baba Ila ya dafe kai da hannu biyu ya ce a hankali, “Ni na koya masa kwanar.”

Babana bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, don ya san wanda ya kafa dokar. Ya fito daga gonar kamar wanda ya tashi daga jinya, ya durƙusa a gaban amininsa cikin taɓon nan, a gaban yara da manya, ya roƙi gafara. Washegari kuma ya ɗauki dattawa suka je har gidan Baba Ila. Baba Ila ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe, don shi ya ba mu dashen da muka cike gurbin da ya ƙone, kuma bai fasa kirana Takwara ba har ya bar duniya. Sai dai da safiyar da ta biyo baya, da suka haɗu a bakin kwata, na ji ya ce, “Ina kwana, Malam Haruna.” Na ga yadda kafaɗun babana suka sauka. Suka ci gaba da gaisawa, da zuwa suna da jana'iza, amma kwanon ɗanwake bai sake zama ɗaya ba.

Yanzu in na je gida nakan tarar da yawa sun haƙa rijiya a gona sun sa injin ban ruwa, wasu ma mai aiki da hasken rana. Kowa da agogo a wayarsa, ba mai jiran fiton wani, ba mai zargin na sama da shi, kuma ban cika ganin mutum biyu a kwano ɗaya ba. 'Ya'yana suna tseren mota a waya mai hoto kamar gaske, in sun ci su kawo mini in gani, in yaba musu. Mangwaron yana nan, babana ya tsufa, yakan sa a kai masa tabarma gindinsa ya zauna shi kaɗai yana kallon ruwa. Jar motar dai na wuce ta, shi kuwa bai sake jin an kira shi Haro ba.