Tankar Usta Miftah

Usta Miftah maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a bayan garin Hammam. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana walda. Da yawa daga ƙofofin ƙarfen da ke gidajen hutu na bakin teku, daga nan har Alamain, daga hannunsa suka fito. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tartsatsi ya cinye masa gira, kunnensa na hagu kuma ya yi nauyi saboda ƙarar guduma. Shi ya sa in yana yi maka magana sai ka ɗauka da wani a ƙetaren titi yake. Ni kuwa lissafi na koyar a firamare, na riga shi ajiye aiki da shekara biyu.

Da ya miƙa wa ɗansa Faraj makullin shago, kowa ya ɗauka zai zauna ya huta a gindin itatuwan ɓaurensa. Sati uku ya iya. Wata safiya ina ba kaji hatsi, sai ga kansa ya ɓullo ta saman katanga.

"Ustaz Rahuma, akwai sauran lissafi a kanka, ko yara sun ƙarar?"

Na ce, "Ya danganta da abin da za a lissafa."

Ya ce, "Tankar yaƙi zan ƙera."

Na yi dariya har na zubar da hatsin. Shi bai yi ba. Ya zagayo ta ƙofa, ya zauna a kan bencina, ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba duk zamanmu.

A hamada aka haife shi, kudu da Alamain, shekara goma bayan Turawa sun gama yaƙinsu sun watse. Mahaifinsa Attiya makiyayi ne, kuma kusa da rijiyarsu akwai wata ƙaramar tankar Italiyawa da aka bari. A cikinta suke ajiye sha'ir, don ɓera ba ya iya huda ta. Kajin mahaifiyarsa a ƙarƙashinta suke ƙwai. Miftah a kanta ya koyi hawa da sauka, a inuwarta yake barcin rana. Yana ɗan shekara tara 'yan gwangwan suka zo daga Iskandariya da babbar mota da wutar yanka ƙarfe. Kwana biyu suka yi, suka yanyanka ta suka loda.

"Na yi kuka," in ji shi. "Amma Ustaz, ina kukan ina kallon wutar nan. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar yadda take ratsa ƙarfe ba. Tun ranar na san sana'ata."

Ya ce yanzu da ya tsufa, in ya rufe ido tankar yake gani, kuma yana so ya sake ganin ta da ido buɗe.

Wahalar farko awo ce. Akwai irinta a filin gidan tarihi na Alamain, amma ba a hawa. Sau huɗu muka je. Usta yana zagaya ta da zare a aljihu, yana auna inuwarta a ƙasa, yana ƙirga ƙusoshin jikinta da ƙarfi kamar mai jan carbi, ni ina rubutawa. A zuwanmu na uku mai gadin ya gaji da kallonmu, ya zo ya riƙe mana bakin zaren. Da muka dawo na zauna na fitar masa da zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Tsawonta ya kusa mita biyar, faɗinta biyu da ɗan wani abu.

Rumfar da ke bayan gidansa ita ta zama wurin aiki. Matarsa, Ummu Faraj, a nan take shanya tumatir da barkono. Ranar da aka sauke fallayen ƙarfe na farko ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Abu Faraj, mazan mutane in sun tsufa masallaci suke lizimta."

"Ina zuwa masallaci."

"Kana zuwa da maiƙo a goshi. To ni ina zan yi shanya?"

"In na gama sai ki shanya a kanta. Ƙarfe ya fi riƙe zafi."

Ta ce Allah ya shirye shi, ta koma ciki. Bayan rabin awa ta aiko mana da shayi mai na'a-na'a, da burodi da man zaitun.

Shekara uku aikin ya ci. Ƙarfen jikinta na wani tsohon tankin mai ne da ya samo a wurin 'yan gwangwan, siriri, bai kai kaurin yatsa ba. Injin na wata tarakta ce da ta mutu a gonar surukinsa, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya ya wanke da kananzir ya mayar. Bakin bindigar bututun ruwa ne. Abin da ya fi ba shi wuya sarƙar ƙafafun. Kowace gaɓa da hannu ya yanka, ya lanƙwasa, ya huda, fiye da ɗari da sittin. Watanni bakwai yana kan wannan kaɗai. In na leƙa sai in same shi a kan 'yar kujerarsa, gilashin walda a goshi, yana rera waƙar makiyaya da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Ban taɓa ganin mutum cikin natsuwa kamarsa a watannin nan ba.

Ƙusoshin jikinta kuwa ba su riƙe komai. Walda ce ta haɗa fallayen, amma ya ce tankar yarintarsa tana da ƙusoshi masu zagayayyen kai, yana tuna yadda suke sukar sa a gwiwa. Saboda haka ya manna su ɗaya ɗaya a layi. Ni nake sa masa alama da alli. Wata rana na yi kuskuren tazara a layi guda, sai da ya kankare ƙusa talatin. Har yau in muna musu yana cewa, "Kai da ka koyar da yaran garin nan lissafi, Allah ya ji ƙansu."

A shekara ta biyu, da aka ɗora wa tankar kanta mai juyawa, bututun ya leƙo ta saman katanga. Ba a yi kwana uku ba sai ga motar 'yan sanda. Hafsan matashi ne, fuska a ɗaure. Ya shigo da mutum biyu, ya tsaya yana kallon abin.

"Baba, wannan mene ne?"

"Tanka ce, ranka ya daɗe."

"Na ga tanka ce. Wa ya ba ka izini?"

Usta ya juyo da kunnensa mai ji. "Izinin me? Bututun ruwa ne. Sa hannu ka ji."

Hafsan ya leƙa bututun, ya ƙwanƙwasa jikinta da zobensa, ta yi ƙara kamar garwa. Ya hau ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito akwai baƙin mai a hannun rigarsa, kuma ɗaurin fuskar ya ragu. Ya ce sharaɗi biyu: a toshe bututun da walda a gabansa, kuma ko da wasa kada ta taka titi. Usta ya toshe nan take. Ummu Faraj ta kawo kwandon ɓaure. Kafin su tafi hafsan ya tambaya da wace giya za ta riƙa juyawa, Usta ya tsare shi da bayani har mutanensa suka fara duba agogo.

Da aka gama fenti, ruwan ƙasa kamar yashi, Usta ya aika Faraj ya ɗauko gwaggonsa, Hajja Mabruka, yayar Usta, daga garin Daba'a. Ta girmi Usta da shekara goma sha uku, kuma ban da shi ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san tankar ta asali. Idonta ya yi rauni ƙwarai. Aka riƙo hannunta har rumfar. Ta ɗora tafinta a kan ƙarfen, ta riƙa bi a hankali, tana shafa ƙusoshin. Usta yana biye da ita kamar ɗalibin da ake duba wa takarda.

"Ta yi, Yaya?"

Ta ci gaba da shafawa har ta zagayo gefen dama. Ta tsaya, ta lallaba sama da ƙasa.

"Miftah, ina ramin?"

"Wane rami?"

"Nan wurin. Kamar girman bakin tulu. Inna take toshe shi da tsumman tanti."

Usta ya ce, "Ai taga ce wannan. Na duba ta gidan tarihi ba ta da ita, na ɗauka ni ne na ƙirƙiro a kaina."

Hajja ta girgiza kai. Ta ce a ba ta kujera. Da ta zauna ta ce, "Ba taga ba ce, ƙanena. Ta nan harsashin ya shiga."

Ta ce tana 'yar shekara shida suka koma rijiyar bayan yaƙi. Mahaifinsu ya buɗe murfin ya sami ƙasusuwan mutum biyu a ciki. Ya kwashe su a bargonsa, ya kai bayan tudu ya haƙa musu kabari. Bai san yadda mutanensu suke yi wa mamaci addu'a ba, sai ya ɗan tsaya a kansu, ya jera duwatsu. Ya wanke cikin tankar da yashi da ruwa har sau uku kafin a zuba hatsi. Ya kuma hana a faɗa wa yaran da aka haifa daga baya, don kada su ji tsoron wurin.

"Ɗayansu ƙafarsa ƙarama ce," in ji ta. "Na ga takalmin. Ina jin bai wuce sa'an jikana ba."

Usta ya ce, "Duwatsun nan na bayan tudu? A kansu nake zama in ina kiwo."

"Na sani. Baba yana ganin ka, bai taɓa hana ka ba."

Kwana biyu ban ji ƙarar komai daga rumfar ba. A rana ta uku na ji hucin wutar yanka ƙarfe, na zagaya. Na same shi ya zana da'ira da alli a gefen dama, a kan sabon fentin da ya sha wahalarsa, yana yankawa. Da ya gama ya bubbuge bakin ramin ya lanƙwasa ciki, ya bar ƙunar yadda take. Ummu Faraj ta tsaya tana kallo. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon yankin tanti na gashin akuya da ta gada wurin uwarta, ta miƙa masa. Ya cusa a ramin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tayar da tankar. Maƙwabta sun cika gidan, wasu a kan katanga. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Tankar ta yi girgiza, ta fito daga rumfa da ƙarar da ta kori duk kajina zuwa gidan mutane. Usta ya zagaya gonar ɓauren sau ɗaya, a zagaye na biyu sarƙar hagu ta zame ta kwanta a ƙasa kamar mataccen maciji. Mutane suka yi ta dariya. Ya leƙo ta murfi, fuska baƙa ƙirin, shi ma yana dariya har da hawaye. Hajja Mabruka tana zaune a inuwa tana tambaya, "Me ya faru? Ta faɗi ne?" Sati biyu ya yi yana gyaran sarƙar, tun daga nan ba ta sake zamewa ba.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Duk Juma'a da la'asar yana zagayawa da ita cikin gonar, bai taɓa fitar da ita titi ba. Malaman makarantu suna kawo ɗalibai, angwaye suna zuwa ɗaukar hoto. Wani mai gidan hutu ya zo har sau biyu yana so ya saya ya kafa a ƙofarsa, Usta ya ba shi shayi ya sallame shi. Duk wanda ya tambayi tsumman nan, yana ba shi labarin mutum biyun, ba ya ƙari, ba ya ragi.

A bara kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, likita ya hana shi jan abu mai nauyi na wata uku. Tankar kuwa da sanduna biyu ake tuƙa ta, kuma ja suke so. Juma'ar farko ya zauna yana kallon ta kamar wanda aka yi wa rasuwa. Juma'a ta biyu Ummu Faraj ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Tashi ka nuna min. Na gaji da ganin wannan fuskar."

"Ke? Ko keke ba ki taɓa hawa ba."

"Shekara arba'in ina juya tukunyar gidan nan, sanda biyu ne za su gagare ni?"

Ni na kawo tsani. Ta shiga ta zauna, shi yana tsaye a sama yana ihu, "Hagu! Na ce hagu!" Ita kuma tana amsawa daga ciki, "Kar ka yi min tsawa a gaban Ustaz!" Ta wuce layin ɓaure na farko lafiya, ta yi kwana mai kyau har Usta ya tafa. A kwana ta biyu ta ja sandar da ba ita ba, tankar ta nufi katangar da ke tsakaninmu a hankali, ba gaggawa, ta ture kusurwarta zuwa cikin gidana.

Injin ya mutu, ƙura ta lafa. Ummu Faraj ta leƙo, ta dubi tubalan da suka zube, ta dube ni.

"Ustaz Rahuma, ka yi haƙuri. Amma dama ta tsage, ni na sha gani."

Ba mu mayar da katangar ba. Usta ya ƙera wata 'yar ƙofa bayan kafaɗarsa ta warke, muka kafa a wurin. Ummu Faraj kuwa ta ce Juma'a ɗaya tasa, ɗaya tata, kuma haka ake yi.