Ƙyallayen Inna a Kantin Madam

Ƙamshin yadin auduga da aka ɗora wa dutsen guga mai zafi ne ya tarye ni, tun ƴar ƙararrawar da ke saman ƙofa ba ta gama kaɗawa ba. Yayyafi ake yi a Lyon ranar, ga sanyi mai shiga ƙashi, ni kuwa na fito daga jami'a ba laima. Fakewa kawai na shiga yi.

Kantin yana cikin wani lungu ne a unguwar La Guillotière, tsakanin mahaucin halal da shagon buga waya. Na sha wucewa ta gabansa ban taɓa ɗaga kai ba. A ciki yadudduka ne a ninke tun daga ƙasa har rufi, kowane launi da ƴan'uwansa, shuɗi yana sauka a hankali har ya zama kore. A bango an rataye barguna na haɗe-haɗe: ƙananan ƙyallaye ake yankawa a ɗinke su wuri guda, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a rufe baya da yadi, sannan a bi duka da allura.

Mai kantin tsohuwar Bafaranshiya ce, tabarau a rataye a wuya, allurai a soke a ƙirjin rigarta. Madam kowa ke ce mata. Ta ga na tsaya na harɗe hannuwa a baya kamar wadda ta shiga gidan tarihi.

"Ɗiyata, nan ba a kallo da ido kaɗai," in ji ta. "Taɓa. In ya yi datti ni ke wankewa."

Na taɓa. Har ruwa ya ɗauke ban fita ba.

Ni ce ƴar fari a gidanmu. A Damagaram aka haifi Inna, kuma da ta zo Faransa ta taho da kunyar ɗan fari cikin kayanta, ta hau da ita bene har ɗakinmu na Stains, a bakin birnin Paris. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta matsu sai ta ce "ke", in kuwa autarmu na kusa sai ta ce, "Gaya wa yayarki abinci ya yi." Na girma ina ganin uwayen ƴan ajinmu suna sumbatar ɗiyansu a ƙofar lakkol. Na san ba ƙi ba ne, an sha gaya mini. Amma sanin bai taɓa hana ni jira ba.

A lokacin sanyin nan ne Baba ya yi ritaya, ya ce ginin Damagaram ya ƙare, in zafi ya shigo shi da Inna za su koma gida gaba ɗaya. Mu ƴan karatu za mu zauna. A waya ya gaya mini, ina jin motsin tukwanen Inna a bayansa. Da na ajiye wayar sai na ga abu ɗaya nake so kafin ta tafi: ta dubi wani abu da hannuna ya yi, ta yi mini magana a kansa, ni da ita, ba ɗan aike.

Inna ba ta barin ragowar ɗinki wurin tela. Duk ankon da aka yi a unguwarmu, wanda matan Stains ke kira inifom, sai ta bi telanta na Belleville ta karɓo ƙyallayenta, ta cusa cikin wata babbar jaka a ƙarƙashin gado. Na kira auta na ce ta roƙar mini.

"Ta ce me za ki yi da shara," in ji auta. "Ta ce ki ɗauka, dama ba za ta biya wa tsumma kuɗin jirgi ba."

A ƙarshen mako na je Stains na ɗauko jakar, ranar Alhamis na juye ta a kan teburin Madam. Duk Alhamis da la'asar mata ke taruwa a teburin, kowace da ɗinkinta, ana shan shayi ana cin biskit ɗin da wani lokaci ya kwana biyu. Atamfa da shadda da leshi suka baje a tsakiyar yadudduka masu ƙananan furanni, kamar an buɗe ƙofar gidan biki cikin ɗakin karatu.

Madam ta ɗaga wani ja mai zanen tsuntsaye. "Wannan fa?"

"Sunan ɗan maƙwabciyarmu."

"Wannan?"

"Auren ɗiyar limaminmu."

Wata tsohuwar malamar asibiti da ke gefena ta sauke allurarta. "Ku a unguwarku akwai ranar da ba a biki? Ni aurena da abokai biyu da kare aka yi shi."

Daga ranar na zama ƴar teburin. Ban iya ko zura zare ba. Madam ta sa na wanke ƙyallayen duka don kada launi ya zuba, na goge su ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni aron almakashinta da ba ta bari a yanka takarda da shi. Ba ta taɓa karɓar ɗinkina ta yi mini ba. In layi ya karkace sai ta ce, "Warware. Yadi ba ya fushi." Ta ware mini aljihun tebur ɗaya inda nake barin aikina, don ɗakina na ɗalibai ba wurin shimfiɗa shi.

Abin da na fi so shi ne bangon gwaji. Wani farin yadi ne mai gashi-gashi da ta manna a bango, ƙyalle na kamawa a jikinsa ba sai da allura ba. Sai ka jera naka, ta kama ka a gwiwar hannu ta ja ka har bakin ƙofa, ta ce ka runtse ido kaɗan ka duba daga can. Daga nesa bukukuwan Stains suka daina zama na kowa, suka zama haske da duhu kawai. Madam ta ce mu jera su haka, masu duhu a gefe, masu haske a tsakiya, kamar fitila a cikin ɗaki. Na yarda.

Watanni na yi a kai. Ina fita daga darasin adabi in hau taram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, in zauna ina ɗinki ina sauraron hirar jikoki da ciwon gwiwa. Wani lokaci in allura ta ratsa wata atamfa sai ƙamshin turaren wutar Inna ya taso, duk da wankin da na yi mata. A lokacin nakan shirya a raina abin da za ta ce. Ban nemi da yawa ba. "Ke kika yi wannan?" ma ya ishe ni.

Na gama shi zafi ya riga ya shigo. Matan teburin suka kama kusurwoyinsa suka ɗaga, Madam ta ja ni bakin ƙofa ta ce in duba. Sannan ta naɗe shi cikin takarda, na rungume shi a jirgin ƙasa har Paris.

Na tarar da gidanmu cike da mata ƴan sallama, akwatuna a buɗe, kowa da saƙon da za a kai wa danginsa. Na rasa yadda zan yi in same ta ita kaɗai, sai na shimfiɗa shi a tsakiyar falo. Matan suka yi caa a kansa. Wannan ta ga sunan ɗanta, waccan ta ga auren ƙanwarta, wata ta dafa wani kore ta yi addu'a, don mai bikin ta rasu.

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta tsaya a kansa ta daɗe. Sai ta nuna tsakiyar bargon da yatsan ƙafa, inda wani rawaya ke manne da ruwan goro, ta dubi auta.

"Wa ya haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya? Tun bikin nan uwayen amaren ba sa ga-maciji."

Falon ya ɗauki dariya. Wata Hajiya ta ce, "To ai ga shi an sulhunta su, Lyon ta yi abin da liman ya kasa." Har ɗaya daga cikin uwayen, da ke zaune a wurin, sai da ta rufe baki da mayafi.

Ni ma na yi dariya. Inna ta ce wa auta, "Gaya mata ta naɗe, kada a zuba masa shayi." Ta koma madafa.

Auta ce ta sa shi a ƙasan babban akwati. Inna ta gani, ba ta ce a cire ba. A filin jirgi ta yi mana addu'a a dunƙule, ta ce mu riƙe salla. Da ta zo kaina ta dubi kafaɗata ta ce, "Ke, a kula da yarinyar nan." Shi ke nan. Na bi bayan mayafinta da ido har ya ɓace cikin mutane.

Na ci gaba da zuwa teburin Alhamis har na gama karatu. Ban sake ɗinka babban abu ba, sai rigunan matashi da ƴan jakunkuna. Zuwa nake don ƙamshin guga da ƙarar almakashi, da kuma yadda Madam ke cewa "ɗiyata" ba tare da ta san nauyin kalmar a kunnena ba. Ta tambaye ni sau ɗaya ko bargon ya yi wa Inna. Na ce ya yi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo mini biskit.

In na kira Damagaram, gaisuwa ce mai tsawo: ya sanyi, ya aiki, ya mutanen Stains, sai ta ce ga Babanku. Ban taɓa tambayar bargon ba. Ina tsoron in ji yana cikin akwati har yanzu, ina kuma tsoron in ji an ba wani. Bayan na koma Paris da aiki, wata ƙawata ta gaya mini Madam ta rufe kantin ta koma ƙauye wurin ɗanta, yanzu wayoyi ake gyarawa a wurin.

Shekaru sun ja kafin wata ranar Asabar, ni da auta muna cin shinkafa a wani ɗan gidan abinci a Belleville, na ba ta labarin rufe kantin. Ta ajiye cokali ta ce ai ta san wurin.

Kwanaki kaɗan kafin tafiyarsu, Baba ya kai su Lyon sallama da wani ɗan'uwansa, ni aka bari a Stains ina ɗaure kwalaye. Bayan azahar Inna ta yafa mayafi ta ce wa auta ta raka ta, suka yi ta tambaya a La Guillotière har suka sami lungun. Inna ta bi yadudduka tana shafawa. Sannan ta ce auta ta tambayi matar da Faransanci a ina yarinyar ke zama. Madam ta nuna mata kujerata. Inna ta zauna a kai, ta ɗora tafukanta a kan teburin, tana nan zaune har shayin da aka zuba mata ya huce. Da za su fita ta ce wa auta, "Gaya wa matar nan na gode da riƙon da ta yi mata. Kuma daga ke har ita, kada wanda ya gaya mata na zo."