Cha'ibu da Zanar Yamai

Idan ka taɓa shiga motar haya daga tashar Matameye zuwa Damagaram, ka san Cha'ibu, ko ba ka san sunansa ba ka san bakinsa. Shi ne direban nan mai baƙin tabarau da ke fara labari tun kafin ya tada mota, har a sauka bai kai ƙarshe ba. Shekarunsa talatin da bakwai, yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, lakwal kuwa, wato makarantar boko, a aji biyar suka yi sallama da juna, kowa ya huta.

Mahaifinsa, Malam Attaher, masaƙin zana ne, kakansa ma haka. Rumbunan gero da yawa daga nan har Tsauni saƙarsu ce. Tun Cha'ibu yana yaro tsohon ke kiransa ya tsuguna ya koya, shi kuwa da ya hango an kawo gamba sai cikinsa ya fara ciwo, ba ya warkewa sai a tasha. Da ya samu permi na tuƙi ma cewa ya riƙa yi, shi ba akuya ba ne da zai ƙare rayuwarsa cikin ciyawa.

Bara wani Alhaji ya tafi da shi Yamai ya tuƙo masa sabuwar mota. Takardu suka yi jinkiri, Cha'ibu ya ce bari ya shiga gidan tarihi, inda ake ajiye namun daji, ya ga zaki. Bai kai wurin zakin ba ya ci karo da rumbu, irin na bayan gidansu sak, bisa duwatsu, da hular jinka, an kafa masa allo da rubutun Faransanci. Gefe ɗaya na zanar rumbun ya zube. Wani dattijo ma'aikacin wurin na zaune da damin gamba da bokitin ruwa yana ta juya ciyawar, ga wata malama da 'yan lakwal wajen talatin suna kallo.

Bakin Cha'ibu bai nemi izininsa ba. "Baba, wannan ai aikin gidanmu ne. A Matameye mu ke yi wa kowa."

Dattijon ya miƙe da murna. "Allah ne ya kawo ka, ɗana. Wanda ya saƙa ta ya rasu, mu kuma irin tamu daban ce. Wata biyu ina fama."

Malamar ta jera yara, ta ce su buɗe littafi, ga ɗan gado daga gabas zai nuna musu yadda kakanni ke yi. Wasu har suka ɗaga waya.

Cha'ibu ya cire tabarau, ya tsuguna. Ya ga bokiti, ya yi bisimilla ya wanke hannuwansa tas har gwiwar hannu. Dattijon ya bi shi da ido. Cha'ibu ya ɗebo gamba ya shimfiɗa, ya gitta wata a kai yadda yake tuna hannun babansa, ya lanƙwasa. Ta karye. Ya sake ɗebowa, ta sake karyewa. 

"A garinku ba a jiƙa ta?" in ji dattijon a hankali. "Ruwan nan nata ne."

Yaran ba su yi dariya ba, kuma Cha'ibu ya ce da sun yi da ya fi masa sauƙi. Suka rufe littattafansu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya tambayi sunan mahaifinsa, wai ko a kira shi a waya. Cha'ibu ya ce tsohon ba shi da waya. Alhali yana da ita, Cha'ibun ne ma ya saya masa.

Kilomita ɗari tara ya tuƙo ba labari ko ɗaya, Alhaji yana tambaya ko zazzaɓi ne.

Kwana uku bayan dawowarsa ya sami Malam Attaher a zaure, ya faɗa masa komai yana kallon ƙasa. Tsohon ya nuna masa yatsunsa da sanyin ƙashi ya ƙanƙame.

"Ka makara da ni. Je ka wurin Sadiyya."

Sadiyya ƙanwarsa ce, autar gidan. Ita ke kai wa baba fura wurin aiki, kuma ba ta tashi sai ya sha, ashe ido na aiki. Da ta ji buƙatarsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, da tabarau za ka koya ko za ka cire?"

Yanzu duk ranar da ba kasuwa, yana can bayan gidan mijinta, inda 'yan tasha ba sa bi. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ta ce to, ta kuma faɗa mini, ni mai ba ka labarin nan. Zanarsa ta farko ta fito a karkace, kaza ma ta bi ta cikinta ta wuce. Sadiyya ta sa ya warware ta. Yana kan ta biyu, kuma har yau bai yarda a kai wa baba ya gani ba.